Bijimi mai araha

Wani makiyayi na Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa, ya sayo bijimi mai araha. Bijimin yana ɗan tari, amma ya sake shi cikin garke. Bayan wata biyu shanu suka fara nishi, suna miƙe wuya.

Da aka yanka guda, sai ga ruwa rawaya cike da ƙirji, huhu ya manne da haƙarƙari. Likitan dabbobi ya ce ciwon huhu ne: ƙwayar cuta ke kumbura tantanin da ya lulluɓe huhu. Numfashi ke yaɗa ta. Saniyar da ta warke ma tana iya harbin wasu.

Tun ranar, baƙuwar dabba sai ya ware ta. Kowace shekara kuma yana kai garkensa allurar rigakafi.