Takardar Allura a Ƙofar Masallaci

Mu Hausawan zangon Sokode da na Dapaong mutane ne na hanya, abincinmu yana bisa titin da ya taso daga Lome ya bi ta ƙofarmu har Sinkase. Saboda haka da cutar korona ta shigo Togo ran 6 ga Maris 2020, wata bai zagayo ba aka datse hanyoyin shiga Sokode, mun ji a jikinmu tun kafin cutar ta taɓa waninmu. A watan Janairu 2021 kuma aka killace Dapaong da kewayenta, aka hana fitar dare. Kaya suka kwana a tasha, bashi ya hau kanmu.

Ran 10 ga Maris 2021 aka soma allurar riga-kafi, Firayim Minista Victoire Tomegah-Dogbe ta miƙa hannu a gaban jama'a aka yi mata. A gidanmu kuwa sai gardama ta tashi. Kawunmu, dattijon da ya tsufa a fataucin goro, ya ce shi ba mai huda masa fata.

"Ku yara ne," in ji shi, "ba ku san abin da ya faru a Kano ba."

To, mun sani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma labarin yana da ƙarashe. A 2003 da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano, cutar ba ta tsaya a Kano ba, ta tsallaka ƙasashe makwabta, har da Togo. Ƙin da wani ya yi a garinsu, ɗan wani ne ya biya da ƙafarsa.

Ana cikin haka, a watan Satumba 2021 hukuma ta ce sai da takardar allura za a shiga ofisoshin gwamnati, aka kuma rufe masallatai da coci-coci. A watan Disamba aka ce wuraren ibada ma sai da takardar, har manyan limaman Katolika suka nuna rashin yardarsu. Nan ne Kawu ya ƙara taurin kai. Ya ce ofis na gwamnati ne, ta sa ƙa'idar da ta ga dama, amma masallaci ɗakin Allah ne. Gaskiya ba mu sami amsar ba shi ba, don mu ma abin ya tsaya mana a rai.

Wadda ta shawo kansa 'yarsa ce, mai aikin jinya a Dapaong. Ta zo gida ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta yi masa wa'azi ba.

"Baba, da za ku Makka, ba sai da aka yi muku allurar sanƙarau ba?"

"An yi."

"To, ni kullum cikin marasa lafiya nake wuni. In na kwaso muku, ku da Inna mai ciwon suga, ina zan sa kaina?"

Kawu ya yi shiru. Kashegari ya ce a kai shi. Amma har yau in an tayar da zancen, sai ya ce don 'yarsa ya yi, ba don takarda ba.

Mun yi ta juya wannan magana. Jikin mutum nasa ne, amma a zango sahu ɗaya muke bi, akushi ɗaya muke sa wa hannu, kuma makwabci yana da hakki. Sai dai tilas ba ta sayen yarda. Annoba ta wuce, an ɗage dokokin, amma wata za ta iya zuwa. Roƙonmu ga hukuma shi ne, kafin ta kafa doka ta zauna da sarakunan zango da limamai da mata, a yi bayani da Hausa da Kotokoli da Moba, a amsa tambaya ba tare da raini ba. Mu kuma mu riƙa tambayar masu sani, mu bar jita-jitar WhatsApp.

Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.