Lauyan Unguwar Makanikai

Gidanmu yana bayan garejojin Suame Magazine, inda ƙarar guduma ba ta yankewa sai magariba. Karatuna sai bayan isha'i, ko a cikin mota kan hanyar jami'ar KNUST.

A shekarar farkon nan ta karatun lauya, shari'ar Re Akoto ta 1961 ce ta fi tsaya mini a rai. An tsare Baffour Akoto, mutumin Kumasin nan, ba tare da gurfanarwa ba. J.B. Danquah ya tsaya masa, amma Kotun Ƙoli ta ce tsarewar bisa doka take. Har yau ina juya wannan hukunci.

Baba kuwa tuni yake kirana lauya, yana turo mini rigingimun abokan sana'arsa. Alhali ko Kundin Tsarin Mulkin 1992 ban gama karantawa ba.