Daga Dosso zuwa Lugu: Inda Tuƙin Babbar Mota Ke Ƙarewa

Da hantsi muka bar Dosso, muka hau hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Lugu na nufa, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Amma tun kafin Koren Mairuwa manyan motoci suka ɗauke mini hankali: masu albasar Galmi, masu simintin Malbaza, da tankokin mai daga matatar Damagaram da ta fara aiki a 2011.

A wani shingen jandarmomi na ga direban tirela ya sauko riƙe da jakar leda da ta sha hannu. Ya zaro takardunsa ɗaya bayan ɗaya: permi, katin mota, inshora, da shaidar duba lafiyar mota. Jandarma ya fi daɗewa a kan permin, don ajinsa yake dubawa. Ajin B na ƙaramar mota ne, C na babbar motar kaya, D na fasinja, E na mai jan tirela. Wanda ya hau tirela da B, a idon doka daidai yake da marar permi. In ya yi haɗari, kamfanin inshora na iya janye hannunsa, diyya da gyara su hau kansa da maigidansa.

A tashar Dogon Dutsi na zauna da direbobi wajen mai shayi. Kukansu ɗaya ne. Mai mota ke cewa a ƙara lodi, alhali dokar ƙungiyar ƙasashen UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Shi ne kuma ke jinkirta sauya taya da gyaran birki. Amma ranar da mota ta kife, direba ake tsarewa, perminsa ake karɓewa, shi ke tsayawa gaban alƙali idan an rasa rai. Bayan an sallame shi, labarin ya riga shi zuwa kowace tasha, ba mai sake miƙa masa makulli. Kowa a cikinsu na tuna tankin man da ya kife kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayun 2019, ya kama wuta, mutum fiye da 50 suka rasu.

Ba su wanke kansu sarai ba. Sun ce akwai mai tuƙi dare da rana ba barci, akwai mai haɗiyar ƙwaya don ido ya bushe, akwai kuma mai miƙa wa karen mota sitiyari a tsakar dare ya koma baya ya kwanta.

Daga yankin Dankasari muka bar kwalta, muka bi rairayi tsakanin gonakin hatsi har Lugu. A can na tarar da wani magidanci yana gyaran rumbu. Ya yi shekaru yana karen mota, ya iya tuƙi ƙwarai, amma bai taɓa tara kuɗin cire permin manyan motoci ba. Wata rana maigidansa direba ya bar masa tuƙi, taya ta fashe, mota ta faɗa rami. Ba wanda ya mutu, sai dai ya bar yatsu biyu a wurin, inshora ta ƙi biya, aka kore su shi da maigidan. Ya nuna mini hannun, ya koma kan aikinsa. Kuɗin da yake aiko wa gida duk wata sun yanke tun daga ranar.

Samarin wannan yanki da yawa na kallon babbar mota a matsayin mafita daga noman da damina ke yi wa gardama, kuma suna da gaskiya: sana'a ce mai riƙe gida. Amma permi shi ne gonar direba, wanda ya rasa shi ya rasa abincin shekara.

Kirana ga hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da ƙungiyoyin direbobi shi ne su sauƙaƙa wa yaran mota hanyar samun permin C da E, kuma a riƙa hukunta mai mota tare da direbansa idan lodi ya wuce ƙima. Kai kuma ɗan'uwa mai sha'awar tuƙi, kada ka karɓi makullin motar da perminka bai kai gare ta ba.