Kiran Iyaye, Zuciyar 'Ya

Kiran da Ubangiji ya yi zuwa aikin bishara a Njamena, ni da maigidana ne muka ji shi. 'Yarmu ba ta ji ba, hannunta kawai muka riƙe muka bar Jos tana da shekara 9. Yau shekarunta 15. Da Faransanci take karatu, da Larabcin Chadi take ciniki a kasuwa, Hausa kuwa sai a cikin gida. In mun je hutu dangi su ce mata 'yar Chadi, a nan kuma 'yar Najeriya ce. Har ta taɓa tambayata, “Mama, ni ina ne gida?”

Labarin Daniyel yana ta'azantar da ni. Yana saurayi aka kai shi Babila, aka koya masa harshen Kaldiyawa, har suna aka sāke masa. Amma shi da kansa ya ƙi abincin sarki saboda Allahnsa.

Bangaskiya ba gado ba ce da za a raba wa 'ya'ya. Gaskiya ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya matsa da ƙarfi zai karya shi. Nawa aikin shi ne in saurare ta sa'ad da kewar kakarta ta dame ta, in bar ta ta yi tambayoyi masu wuya ba tare da tsoron sunan “'yar fasto” ba, in kuma durƙusa dominta kullum.

Ya Ubangiji, ka kira ta ita ma, ta amsa da bakinta. Amin.