SUNAN MAI KAWO ABINCI: A KIRA KO A SAKAYA?

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki, domin akwai wata 'yar magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gidajen abinci na zamani sun cika gari. In ka shiga, yaro ko yarinya cikin yunifom za su tare ka, da ɗan allo maƙale a ƙirji an rubuta suna. To, tunda ga sunan ka karanta, ya dace ka kira mai shi da shi? Wasu ƙawayena sun ce hakan ne wayewa, ka nuna masa shi ma mutum ne. Ni kuwa ina da ja.

Mu Hausawa suna abu ne mai nauyi a wurinmu. Rana ta bakwai a yanka rago a raɗa shi, daga nan kuma a shiga ɓoye shi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Mace ta ce maigida, ko Malam, ko baban wane. Yaron da ya ci sunan kakansa ya koma Abba, yarinya ta koma Ummi. Mu marubuta ma da wannan muke aiki: ranar da yarinya ta kasa kiran sunan saurayi gatsal, mai karatu ya san so ya shiga, ba sai an faɗa masa ba. Ke nan a wurinmu na sama ne ke kiran sunan yanka na wanda ke ƙasa da shi, ko kuma tsara da tsara.

Wannan al'ada ta ma'aikaci ya fara da gabatar da sunansa ta fi ƙarfi a Amurka, kuma akwai dalilinta. A can dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, kuɗin da bai motsa ba tun 1991, duk da jihohi da dama sun ƙara nasu. Sauran abin da zai kai gida daga tukuici yake fitowa, wanda mai ci ke ɗorawa, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abinci. Saboda haka faɗin suna da fara'a wani ɓangare ne na neman abincinsa. Mu kuma sai muka kwaso allon, muka bar tukuicin.

Kada a ɗauka ina goyon bayan hana mutum suna. Shi ma wulaƙanci ne, kuma tarihi ya nuna. A Amurkan dai, baƙaƙen fata da ke hidima a jiragen ƙasa na kamfanin Pullman, fasinja kan kira kowannensu George, wato sunan mai kamfanin, kamar dai ba uwa ce ta haife su ba. Wannan na cikin abubuwan da suka ƙi jini, har suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph. A Faransa an daɗe ana kiran mai kawo abinci da kalmar da ke nufin yaro, yanzu ana ganin hakan rashin tarbiyya. Mu ma nan Turawan mulkin mallaka sun bar mana tamu: boyi. Dattijo da furfurarsa, da jikokinsa a gida, amma boyi ne har ya mutu.

Ni na san wannan harka daga ciki. Gwaggona tuwo take sayarwa a bakin tasha, kuma duk hutun makaranta nakan je taya ta kai kwano da ɗebo ruwan wanke hannu, ina 'yar shekara 13 zuwa 14. Masu ci iri uku ne. Akwai waɗanda ba sa ma buɗe baki sosai, sai dai su tafa hannu, ko su buga cokali a kwano, ko su ce "ke 'yar tuwo!" Akwai waɗanda sai sun yi yadda suka yi sun ji sunana, sannan su dinga jan sa a baki suna kashe ido, abokansu na dariya. Da Gwaggo ta ji haka sai ta ce in koma wajen murhu. Wallahi waɗannan sun fi ƙona mini rai, don na farko bai kula da ni ba ne kawai, na biyu kuwa ya ɗauki abin da ban ba shi ba. Sai kuma wani dattijon direba da kullum zai ce, "Sannu da aiki 'yata, Allah ya yi albarka." Shekara nawa bai taɓa tambayar sunana ba, amma har yau shi nake tunawa, kuma malmalarsa ce babba.

Don haka ga inda na tsaya. Suna na mai shi ne, shi ke bayarwa. Wanda ke ƙirjin yarinyar nan mai gidan abincin ne ya liƙa mata, galibi don in an yi kuskure a san wa za a kama. Ba ita ta miƙa maka ba. Fara da sallama da sannu da aiki, sannan ka dubi shekaru. Babba ka ce Baba ko Mama, tsara ka ce Malam ko Malama, ƙarami ka ce ƙanena ko 'yata. Harshenmu bai bar mu cikin talauci ba ta wannan fanni. In kuwa shi da bakinsa ya ce sunana wane, to ka karɓa, amma ka sa masa hula: Malam wane. Ga kuma ma'auni mai sauƙi. Kai Alhaji, ke Hajiya, in ya juyo ya kira naku sunan gatsal, za ku ji daɗi? In ba za ku ji ba, to abin da kuke yi nuna fifiko ne, ko da da murmushi kuka yi shi.

Wuri ɗaya ne nake ganin allon nan yana da rana. In an yi maka hidima mai kyau, karanta sunan ka riƙe, in za ka fita ka faɗa wa manaja cewa wane ya kyauta. Mai kai ƙara ba ya mantuwa da suna, mai yabo ne ke mantawa. Sannan ka ɗan damƙa masa wani abu a hannu, don yawancin yaran nan tsaye suke wuni kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Allah ya ba mu ikon girmama na ƙasa da mu, ya rufa mana asiri baki ɗaya. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.