Zanen da Ba Ya Barin Tabo

Ranar da na buɗe tagar da na adana aikin digirina a kwamfuta, na ja linzami bisa kuskure, sai wani murabba'i ya rufe fayilolina. Gabana ya faɗi, na zaci aikin wata uku ya tafi. Ina ɗaga yatsa, ya ɓace.

Wani abokina ya bayyana mini tsohuwar dabarar XOR: a zana layi ya fito, a maimaita shi daidai wurin ya goge, abin da ke ƙarƙashinsa ya dawo yadda yake.

Ni da na koyi Hausa da girma, abin ya burge ni. Nawa kuskuren, in na maimaita shi gaban Malam, ƙara fitowa yake yi.