Giya ta Biyu a Hanyar Sabuwa

Hunturu biyu cur, wani ma'aikacin lafiya ɗan asalin Ƙanƙara, wanda aiki ya kai shi Sabuwa, bai ajiye motarsa a ƙofar gidan da yake haya ba. Yakan wuce gidan da kamar taku talatin, ya tsaya inda layin ya fara gangarawa zuwa kwalbati, ya juya hancin motar ƙasa, ya ja birkin hannu, ya sa dutse a gaban taya. Motar tsohuwar Golf ce mai giyar hannu, irin wadda ta cika tashoshin Funtuwa da Malumfashi, batirinta kuwa ya daɗe da gajiya. Da rana, idan inji ya ɗumama, takan tashi da makulli. Da asubar hunturu kuwa sai an tura. Abin bai dame shi ba, domin kowace safiya akwai masu fitowa daga masallaci, akwai almajirai, akwai mai shayi da yaronsa. Kafin ya rufe baki da neman taimako, mutum uku sun dafa but.

Dabarar gado ya yi. Mahaifinsa direban haya ne da ya yi shekaru yana jan Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, tsakanin Funtuwa da Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari. A wancan zamani direba kan tsaya tsakar daji da dare ya sauke fasinja su yi sallah, kuma idan mota ta ƙi tashi, fasinjan nan su ne batir. A wajensa ma'aikacin lafiyar ya koyi cewa giya ta biyu ake sa wa, tun bai san dalili ba.

Dalilin yana cikin yadda inji ke tashi. Injin fetur ba ya iya fara juyi da kansa. Sai wani abu ya juya shi har fistin ya matse iska da mai, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, sannan ya ci gaba da ƙarfin kansa. A farkon zamanin mota da hannu ake juya shi, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake sokawa ta gaba, wanda ya karya hannuwan mutane da yawa. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata ta lantarki, ƙirar Charles Kettering, wato abin da makanikai ke kira kik. Ƙaramin inji ne da ke cafkar haƙoran babban faifan ƙarfen da ke bayan injin mota ya murɗa shi. Aikin na daƙiƙa biyu ne ko uku, amma yana zuƙar wuta fiye da amfiya 100 a lokaci guda. Sauran abubuwan da mota ke bukata domin ta kama, wato famfon mai da kwayil da ƙaramar kwamfutar inji, gaba ɗayansu ba su cin fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan.

A nan ne sirrin turi yake. Batirin da ake cewa ya mutu, sau da yawa suma ya yi: ya kasa ɗaukar nauyin kik, amma yana da sauran abin da zai kunna famfo ya ba fulogi wuta. Masu turi suna maye gurbin kik ne kawai. A tafiya ta yau da kullum inji ke juya giya, giya ta juya taya. A turi sai al'amarin ya koma baibai, taya ta juya giya, giya ta juya inji. Kuloci shi ne ƙofar da ke tsakani: idan an taka shi mota na gangarawa ba tare da inji ba har ta tara gudu, idan an sake shi duk nauyin motar ya faɗa kan injin ya tilasta masa juyawa.

Giya ta ɗaya a irin waɗannan motoci tana sa inji ya juya kusan sau uku da rabi kafin sandar da ke fita daga akwatin giya ta juya sau ɗaya, ta biyu kuwa kusan sau biyu. Idan taya ce ke jan inji, giya ta ɗaya tana neman ƙarfin da ya wuce kima, sai motar ta cije, taya ta ja ƙasa, masu turi su buga ƙirji a but. Giya ta uku ko ta huɗu ba ta juya injin da saurin da zai kama, sai fa idan gudun ya yi yawa. Ta biyu ce ta dace da sassarfar ɗan Adam, wato kimanin kilomita 10 a awa. Mota mai canza giya da kanta ba ta shiga wannan lissafi, domin da matsin mai take haɗa inji da taya, famfon da ke ba da matsin kuma inji ne ke juya shi. Ko gari guda ya taru a bayanta ba za ta tashi ba.

Duk wannan ma'aikacin lafiyar ya sani, har yakan yi wa abokan aikinsa masu sababbin motoci ba'a da shi. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne dabarar tana tsaye ne a kan abubuwa biyu da ba sa cikin mota: mutanen da za su yarda su tsaya, da lokacin da za a jira su.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna gefen kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda dazuzzuka suka haɗe da na Zamfara da na Birnin Gwari. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Na tsawon watanni, wanda motarsa ta mutu a hanya ba shi da halin kiran makanike ko ɗan'uwa.

A cikin waɗannan watanni, bayan an fara girbi, tafiya ta kama shi. Ya je Ƙanƙara ya ɗauko babban ɗansa mai shekara 15, wanda ya ci sunan kakansa, shi ya sa ba ya kiransa da komai sai Babana. Daga nan zai biya Sheme ya ɗauki yayarsa, wadda 'yarta ta haihu a Sabuwa. Bai bi hanyar da ta miƙe ba, sai ya zagaya ta Funtuwa ya shiga Sheme, ya sake dawowa Funtuwa. Duk inda ya tsaya bai kashe mota ba. Zagayen ya cinye masa yini, har la'asar ta yi sakaliya kafin su bar Ɗandume.

Ba su yi nisa ba ya taka birki da ƙarfi saboda wani rami, bai kai ƙafa kan kuloci da wuri ba, inji ya mutu. Ya murɗa makulli. Aka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suka dushe, suka dawo ja-ja da ya saki. Wannan dushewar ta ɗan kwantar masa da hankali, domin ta nuna akwai sauran wuta. Da babu abin da ya haska ko kaɗan, da turi ma ba zai yi amfani ba, tunda famfon mai ba zai motsa ba, altaneta kuma tana bukatar ɗan abin da za ta fara da shi daga batir kafin ta haifar da nata.

Ya fito ya tsaya a gefen titi. Wata motar haya ta taho, ya ɗaga hannu, direban ya ƙara wuta. Wata ta biyo baya, ita ma haka. Masu babur biyu suka wuce ba su ko waiwayo ba. Bai ga laifinsu ba. A wannan hanya, a wannan sa'a, mota a tsaye da mutum yana ɗaga hannu tana iya zama tarko, kuma shi ma da shi ne da wuya ya tsaya. Dawa ta yi tsayi a gefe biyu, rana tana sauka, titin kuwa shimfiɗe yake ba gangara.

Su uku ne, kuma shi ya fi kowa ƙarfi, saboda haka wurinsa baya ne. Yayarsa ta haura hamsin, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ya rage yaron, wanda iyakar saninsa da tuƙi shi ne matsar da mota a ƙofar gida sau biyu ko uku.

Ya ce, "Babana, shiga ka zauna."

Ya murɗa masa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, domin idan ba haka ba babu wuta a fulogi, sitiyari ma na iya kullewa. Ya kashe rediyo da fanka. Ya sa shi ya taka kuloci har ƙasa, ya sa giya ta biyu da hannunsa, ya sauke birkin hannu. Ya gargaɗe shi cewa birkin ƙafa zai yi tauri, tunda abin da ke sauƙaƙa shi daga inji yake samun ƙarfi. Yayar ta fito ba tare da an ce mata ba, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta dafa gefen but.

Ya ce, "Yaya, ki koma ciki."

Ta ce, "Nauyina ma a ciki kaya ne. Tura kawai."

Suka tura. Motar ta motsa da ƙyar, ta fara mirginawa, ta kai gudun sassarfa. Ya yi tsawa a saki. Yaron ya saki kulocin a hankali, kamar yadda aka koya masa a ƙofar gida, sai kulocin ya yi ta gogawa yana shanye gudun, motar ta yi nauyi ta tsaya. Uban ya zagayo yana haki. Ya so ya yi faɗa, sai ya ga hannun yaron na rawa a kan sitiyari. Ya rage murya ya ce wannan sakin daban yake da na tashi daga tsaye: ɗauke ƙafa ake yi gaba ɗaya, da zarar an ji inji ya amsa a mayar da ita, a ɗan taɓa totur.

Yaron ya ce, "Baba, in ta gudu da ni fa?"

Ya ce, "Ka taka kuloci ka taka birki. Ba inda za ta je."

Karo na biyu suka fi nisa kafin ya ba da umarni. Motar ta yi tsalle, ta yi tari sau biyu, hayaƙi ya bugi fuskar yayar, inji ya kama. Yaron ya mayar da ƙafarsa a kan lokaci. Ta tsaya kamar taku ashirin a gaba tana kaɗawa, uban ya iso da gudu ya zura hannu ta taga ya mayar da giya firi kafin yaron ya ɗaga ƙafa. Sun shiga Sabuwa ana kiran magariba, ba wanda ya ce uffan a hanya sai yayar da ke ta salati.

'Yan siyasar Arewa suna da wata magana da suke yi idan wanda suka taimaka ya manta da su, cewa sun tura mota ta tashi ta baɗe su da hayaƙi. Maganar ta samu shiga ne domin kowa ya san turin mota, kuma kowa ya san ba a biyan mai turi. Bashi ne da ke yawo tsakanin baƙi: wanda ya tura yau yana sa ran wani zai tura masa gobe a wani gari. Da wannan bashin ne dubban tsofaffin motoci ke yawo da batiran da tuni ya kamata a canza. Rashin tsaro bai taɓa ilimin giya ta biyu ba, amma a wasu hanyoyi ya janye mutanen da ilimin ya dogara da su, kuma ya mayar da jiran minti ashirin abin tsoro.

Washegari mai rewaya ya auna batirin. Lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 idan ya cika, daga ɗakuna shida masu ba da kusan 2.1 kowanne. Nasa ya faɗi ƙasa warwas da aka ɗora masa nauyi, alamar ɗaki ɗaya ya lalace. Altaneta lafiyarta ƙalau, tana ba da kusan bolt 14 idan inji na aiki. Mai rewayar ya ƙara masa da abin da bai sani ba: zafin bazara ne ke cinye batir, yana ƙone ruwansa yana cin farantansa, sanyin hunturu tona asiri kawai yake yi. Ya kuma ce yawan turi ba kyauta ba ne, domin fizgar na iya sa tsohon bel ɗin taimin ya tsallake haƙori, man da bai ƙone ba kuma yana lalata matatar hayaƙi a salansa.

A ƙarshen watan ya sayi sabon batir a Funtuwa, rabin kuɗin bashi, ya haɗa da wayar jona batir da batir ya ajiye a but. Ya daina barin Ɗandume bayan la'asar. Idan ya ga mota a tsaye cikin gari yakan tsaya ya fito da wayarsa. Idan a fili ne tsakanin ƙauyuka, yakan rage gudu ya duba ko akwai mata da yara, wani lokaci ya tsaya, wani lokaci ya wuce ya faɗa wa mutanen gari na gaba. Kwanakin da ya wuce ɗin sukan dame shi da dare.

Yanzu a ƙofar gida yake ajiye motar. Wurin da ya bari a kan gangara wani malamin firamare mai tsohuwar mota ya gaje shi, har da dutsen. Idan yaron ya zo hutu Sabuwa, shi ake sa wa a sitiyari da asuba, malamin da almajirai suna baya.